Enzayim: Sunan da Ya Fito daga Ƙullu

Mu Hausawa "narkewa" muke kiran abin da ke faruwa da abinci a ciki. Kalmar da muke faɗa wa man shanu a kasko da ƙanƙara a rana, ita muke faɗa wa tuwo idan ya sauka. Kalma ce mai daɗi, amma ta ɓoye wani abu: tuwo ba ya narkewa don ɗumin ciki kaɗai. Akwai masu daddatsa shi gunduwa-gunduwa har ya iya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Su ake kira enzayim, a rediyo kuwa sai a ce "sinadarai", sunan da taki da sabulu da maganin sauro ma suke amsawa.

Wani Bajamushe masanin aikin jiki, Wilhelm Kühne, shi ya ƙirƙiri kalmar enzayim a shekarun 1870, daga Girkanci, ma'anarta "abin da ke cikin yisti". Wato ƙullun da ke kumbura ya tuna. Kafin shi, a 1836, Theodor Schwann ya gano wanda ke aiki a cikin ruwan tsamin tumbi, mai farfasa furotin na nama da wake, ya sa masa suna pepsin, daga kalmar Girkawa da ke nufin dafuwa. Su a ganinsu ciki tukunya ne da ke ƙarasa girki. Mu mun ga narkewa, su sun ga dafuwa, kuma duka biyun daga bakin murhu aka ɗauko su.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne amiles, mai mayar da sitaci sukari. Yana cikin yawun bakinmu; tauna lomar burodi ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji zaƙi ya fara fitowa. A 1833 Anselme Payen da Jean-François Persoz suka ciro irinsa daga tsiron sha'ir a Faransa, suka kira shi diyastes, kuma daga wutsiyar wannan suna ne sunayen 'yan uwansa suka samo ƙarshensu: lipes mai farfasa kitse, laktes mai raba sukarin madara. To, duk mai dama kunun zaƙi ta san wannan aiki a hannunta. Idan kunu ya ɗan huce ta zuba niƙaƙƙen tsiro ko ɗanyen dankali, ta rufe ya kwana, da safe ya tsinke ya yi zaƙi. Ta kuma san idan ta zuba yana tafasa, ba abin da zai faru, domin zafi mai yawa yana lalata enzayim. Haka ma wanda ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda, enzayim mai suna papayin yake amfani da shi, kuma daga sunan gwanda a harsunan Turai aka samo sunansa.

Rashin suna takamaimai yana da illa. Mutum ya sha madara cikinsa ya kumbura, ya yi ta ƙugi da gudawa, sai ya ce gyambon ciki ne ko basir, alhali sau da yawa laktes ɗinsa ne ya ragu bayan yaye, kamar yawancin manya a duniya. Shi ya sa kindirmo ya fi karɓarsa, don ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun cinye wani kaso na sukarin. Fulani makiyaya da dama kuwa laktes ɗinsu yana ci gaba da aiki har tsufa.

Maɗaciya ma ana yawan lissafa ta cikin enzayim, kuma kuskure ne. Ruwanta daga hanta yake fitowa, aikinsa tarwatsa kitse ƙanana-ƙanana, yadda sabulu ke yi wa maiƙo a kwano, sannan lipes ya kama nasa aikin a ƙaramin hanji. Da za a ba ni zaɓi, "madatsan abinci" zan kira enzayim a aji, in fara darasin da kwanon kunun zaƙi.