Ƙanƙarar Rasha da Hazon Kakuri

A 1910 Konstantin Yuon ya zana babban gidan ibadar Sergiyev Posad, kusa da Mosko, dusar ƙanƙara ta lulluɓe garin. A 1920 gwamnatin Bolshebik ta rufe gidan, a 1930 kuma aka farfasa manyan ƙararrawarsa. Zanen ya adana kamannin garin kafin wannan guguwa.

Kudancin kogin Kaduna ma yana da nasa gadon. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957, ta ciyar da dubban iyalai kafin injinanta su tsaya a 2002. Duk hunturu hazo kan lulluɓe gine-ginenta, tsatsa na cin rufinsu. In aka rushe su ba a zana su ba, suna kawai jikokin ma'aikatanta za su gada.