Akwatin Sauti na Kan Tebur: Daga Ɗakin Wayar Tarho Zuwa Gaban Kwamfuta

Ƙaramin akwatin da masu sha'awar sauti suke ajiyewa tsakanin kwamfuta da lasifikar kunne ayyuka biyu yake yi. Na farko shi ne karɓar waƙa ko karatu da aka adana a matsayin lambobi, ya mayar da su igiyar lantarki mai hawa da sauka daidai da muryar da aka ɗauka. Wannan sashe shi ake kira DAC. Na biyu shi ne amfilifaya, wadda take ƙara wa igiyar ƙarfi har ta iya motsa 'yar fatar da ke cikin lasifikar. Wani lokaci akan haɗa su a akwati ɗaya, wani lokaci a ɗora ɗaya kan ɗaya. Kowanne da tarihinsa, amma tushensu ɗaya ne, wato wayar tarho, kuma sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin su sake haɗuwa a kan tebur.

Lasifikar kunne ta fara ne a matsayin kayan aiki. Ma'aikatan da ke haɗa layukan tarho a ƙarshen ƙarni na 19 suna bukatar hannayensu biyu don cirewa da cusa wayoyi, saboda haka aka rataya musu abin sauraro a ka. Dogon filogin nan mai kaurin milimita 6.35 da har yau ake cusawa a gaban amfilifaya, daga allon haɗa layukan nan ya samo asali. Ba a jima ba aka fara tura kiɗa ta waya. A 1881 Clément Ader ya nuna wa mutanen Faris yadda za su saurari wasan gidan opera daga nesa, kuma daga 1895 kamfanin Electrophone ya riƙa kai wa gidajen Landan waƙoƙi da wa'azin coci. Mai sauraro yakan riƙe na'urar da wata sanda a ƙarƙashin haɓarsa. Siffar da aka sani yanzu, kofuna biyu da maɗauri a bisa kai, ana danganta ta ga Nathaniel Baldwin na jihar Utah a Amurka, wanda a wajajen 1910 yake haɗa su da hannu a ɗakin girkinsa. Rundunar sojan ruwan Amurka ta gwada, ta nemi guda 100.

Waɗannan lasifikoki na farko suna da turjiya mai yawa ga lantarki, sau da yawa om 2,000 ko fiye, domin rediyon zamanin ba ya iya kwararo lantarki mai yawa. Ingancin sauti ya zo daga baya. Eugen Beyer ya fitar da DT 48 a Balin a 1937. A 1958 John Koss na Milwaukee ya sayar da SP/3, wadda ta raba sauti dama da hagu, ta kuma jawo hankalin masu sauraron faifai a gida. Kamfanin Stax na Japan ya bi da SR-1 a 1960, mai aiki da siririyar fata a tsakanin faranti biyu masu cajin lantarki, irin da ba ta aiki sam sai da akwatinta na musamman. A 1968 Sennheiser ya kawo HD 414 mai buɗaɗɗen baya, ita ma om 2,000, aka saye ta da miliyoyi. Duk tsawon wannan zamani ba a ɗauki ramin lasifikar kunne da muhimmanci ba. Abin da masu ƙera amfilifayar ɗaki suka saba yi shi ne su ja waya daga hanyar manyan lasifikoki, su sa 'yar turjiya a tsakani don rage ƙarfi, shi ke nan.

Walkman na Sony, wanda ya fito ranar 1 ga Yulin 1979, shi ya karkatar da akalar sana'ar. Batir biyu ba za su iya ba da bolt mai yawa ba, don haka aka koma ƙera lasifikoki masu ƙarancin turjiya, galibi om 32, da ƙaramin filogi na milimita 3.5. Daga nan kasuwa ta rabu gida biyu: na yawo masu sauƙin motsawa, da na ɗakin ɗaukar sauti masu om 250, 300 ko 600. Wannan rabuwa ita ce asalin bukatar amfilifaya ta daban.

Ɗaya ɓangaren kuwa, wato na DAC, injiniya ɗan Ingila Alec Reeves ne ya buɗe shi a 1937, yana aiki a ɗakin binciken kamfanin ITT a Faris. Damuwarsa ita ce ƙarar da ke taruwa a doguwar wayar tarho. Shawararsa: a riƙa auna tsayin igiyar murya sau dubbai a daƙiƙa, a tura sakamakon a matsayin lambobi, domin lamba ba ta dusashewa a hanya. Lissafin Harry Nyquist na 1928 da na Claude Shannon na ƙarshen shekarun 1940 ya tabbatar da ƙa'idar: muddin yawan awo ya wuce ninki biyu na sauti mafi tsini da ake son kamawa, za a iya maido da igiyar cikakkiya. Gidan rediyo da talabijin na Japan, NHK, ya nuna na'urar ɗaukar sauti ta wannan hanya a 1967, kuma a 1972 Denon ya fara ɗaukar faifai da tasa.

Lambar 44,100 da ke bayyana a fuskar kusan kowane DAC tana da labari mai ban sha'awa. A shekarun 1970 na'urar bidiyo ce ta fi sauƙin samu cikin abubuwan da za su iya haɗiye lambobi masu yawa haka, saboda haka injiniyoyin Sony suka riƙa ɓoye sauti a cikin layukan hoton talabijin, awo uku a kowane layi. A tsarin Amurka da Japan ana amfani da layi 245 sau 60 a daƙiƙa, a na Turai layi 294 sau 50. Ko ta wane gefe aka ninka da uku, 44,100 ake samu. Tunda kunnen matashi mai lafiya iyakarsa wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, adadin ya wadatar. Da Philips da Sony suka tsayar da ƙa'idar faifan CD a 1980, sai suka ɗauke shi tare da bit 16, wato matakai 65,536 ga kowane awo, wanda ke ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni.

Ƙera abin da zai mayar da lambobin sauti ya fi rubuta ƙa'idar wuya. Sony CDP-101, wanda aka fara sayarwa a Japan ranar 1 ga Oktoban 1982, DAC ɗaya tal yake da shi, yana yi wa dama da hagu aiki bi da bi. Philips kuwa ya riga ya shirya nasa mai bit 14, ga shi an amince da 16. Dabarar da injiniyoyinsa suka fito da ita, ninka yawan awo sau huɗu ta lissafi tare da ture ƙarar kuskure zuwa inda kunne ba ya kaiwa, ta zama hanyar da sana'ar ta bi daga baya. Tsohon salo yana dogara ne da jerin turjiyoyi da dole su dace da juna matuƙar dacewa, abin da ke da tsada. Salon delta-sigma, wanda Inose da Yasuda suka bayyana a Jami'ar Tokyo a 1962, yana amfani da bit kaɗan a guje sosai. Daga ƙarshen shekarun 1980 ya mamaye kasuwa, kuma shi ne a cikin mafi yawan na'urorin yau.

Fitar da DAC daga cikin na'urar CD ya yiwu ne bayan an sami hanyar tura lambobi ta waya: TOSLINK na Toshiba mai amfani da haske, da S/PDIF na Sony da Philips. Sony ya fitar da DAS-702ES a tsakiyar shekarun 1980, Arcam na Ingila ya bi da Black Box a 1988. Nan wata matsala ta ɓullo. Lambobi suna isowa daidai, amma agogon da ke tsara lokacin juya su yana ɗan rawa, gaba ko baya da abin da bai kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba, kuma rawar tana iya gurɓata sauti. Shekaru da dama aka yi ana fama da ita.

Amfilifayar kunne ta zama sana'a mai zaman kanta a shekarun 1990. Sennheiser ya ƙera Orpheus a 1991, guda 300 kacal, kowace da amfilifayarta mai kwalaben lantarki. A 1992 Tyll Hertsens ya kafa HeadRoom a Bozeman ta jihar Montana. Amma wanda ya kai abin ga masu ƙaramin ƙarfi shi ne Chu Moy, wanda a ƙarshen shekarun ya raba wani sauƙaƙƙen zane kyauta: ƙwayar lantarki guda, batir mai bolt 9, turjiyoyi kaɗan, maɓallin ƙara, duka a cikin gwangwanin alewar minti da aka huda wa ramuka. Ɗalibai da yawa a nan suka fara riƙe ƙarfen dalma.

Abin da ya haɗa tarihin biyu shi ne kwamfuta. Da waƙoƙi suka koma MP3, sannan FLAC daga 2001, sai tebur ya zama wurin sauraro, alhali cikin kwamfuta cike yake da hayaniyar lantarki da ke kutsawa ramin sauti a matsayin tsuwwa ko gunji. USB ya fito a 1996, ƙa'idarsa ta sauti a 1998. Benchmark DAC1 na 2002, wanda aka yi domin ɗakunan ɗaukar sauti, ya haɗa DAC da amfilifayar kunne a akwati ɗaya, masu sauraron gida suka rungume shi. Daga baya aka yaɗa tsarin da DAC ke riƙe da agogo, yana gaya wa kwamfuta yawan lambobin da za ta turo, kuma da wannan rawar agogo ta daina zama abin damuwa. Farashi ma ya faɗi. A 2012 kamfanin Schiit na Kalifoniya ya sayar da Modi da Magni dala 99 kowanne, kamfanonin Sin irin su Topping, SMSL da FiiO suka ƙara matsa shi ƙasa. Kusan dukkansu daga kamfanoni kaɗan suke sayen ƙwayar juya sauti, shi ya sa gobarar masana'antar AKM a Nobeoka a Oktoban 2020 ta tilasta wa masu ƙira da yawa komawa ESS ko Cirrus Logic.

Wannan tarihi shi ke nuna inda ya kamata mai saye ya sa ido. Aikin DAC an daɗe da cin ƙarfinsa. Na'ura mai matsakaicin kuɗi a yau kuskurenta yana ƙasa da abin da kunne ke ji, kuma manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali ba su ƙara wa mai sauraro komai. Abin dubawa a gare shi shi ne ko yana da ramukan da ake bukata. Amfilifaya ce take bukatar lissafi, domin da lasifikar ake auna ta. Bolt 1 yana ba da kusan miliwat 31 ga mai om 32, amma miliwat 3 da ɗoriya kawai ga mai om 300 kamar HD 600 ta 1997. Masu turjiya da yawa bolt suke nema, masu faffaɗar fatar maganaɗisu kwararar lantarki suke sha, ƙananan da ake cusawa cikin kunne kuwa shiru suke bukata, domin suna tona ƙaramar tsuwwa. Akwai kuma gadon tsohon ramin nan: turjiyar mafitar amfilifaya. Wata ƙa'ida ta 1996 ta tsayar da om 120, amma wannan yana sauya launin sautin lasifikoki masu ƙarancin turjiya. Abin da aka fi bi yanzu shi ne kada ta wuce ɗaya bisa takwas na turjiyar lasifikar.

Wajen amfani, akan bar sautin kwamfuta a sama a riƙa sarrafawa da maɓallin amfilifaya, a fara da ƙaramin mataki na ƙarin ƙarfi, a kuma sauke maɓallin kafin cusa filogi ko cire shi. Wanda ya sayo kayan kasuwar Amurka ya duba abin da aka rubuta a jikin adafta, domin wasu bolt 120 kaɗai suke ɗauka, wutar Nijeriya da Nijar kuwa ta kusa ninkin haka. Sauti mai tsabta ba ya gargaɗin mutum cewa ya yi yawa, don haka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yana da amfani a nan: ga babba, desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi.