Ayelala da kayan da aka mayar Kasuwar Oba

Duk wanda ya zauna a Benin, ko da na wata guda ne, ya san sunan Ayelala. Za ka ga an ɗaura jan ƙyalle a bakin gona ko a ƙofar shago, babu mai gadi babu kare, amma ba wanda zai taɓa. Ni a nan aka haife ni, kuma tun ina yaro mahaifina ya hana mu ko nuna irin wannan ƙyalle da yatsa.

Asalin Ayelala ba na mutanen Benin ba ne. Daga ƙasar Ilaje ta fito, a gaɓar teku cikin jihar Ondo ta yanzu. Yadda masu tarihinsu ke faɗa, wani mutumin Ilaje ne ya nemi matar wani babba, da asiri ya tonu sai ya gudu wurin Ijaw ya fake, su kuwa suka ƙi ba da shi. Rikici ya kai ga yaƙi. Da aka zo sulhu aka ce sai an zubar da jini, to maimakon mai laifin sai aka kawo wata baiwa wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kalmar da ta furta kafin a kashe ta ita ce "Ayelala", wato da Yarbanci duniya da girma take, ta wuce sanin mutum. A wurin ne ɓangarorin biyu suka yi alkawarin ba sata, ba maita, ba cin amana a tsakaninsu, suka kuma ɗauka cewa ita ce za ta hukunta wanda ya saɓa. Ni dai abin da ke tsaya mini a rai shi ne wadda aka zalunta ita aka mayar alƙali.

Hukuncin da suke tsoro shi ne kumburi, ciki da ƙafafu, har mutum ya mutu in bai fito ya amsa laifinsa ba. In ya amsa ya mayar da kaya, masu tsafin su yi masa wanka, magana ta ƙare.

A shekarar 2005 gobara ta tashi a Kasuwar Oba da ke tsakiyar Benin. Kamar yadda aka saba, wasu na ɗebo ruwa wasu na ɗibar kayan mutane. Sai aka kira mai tsafin Ayelala, aka yi shela cewa duk wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba ya mayar. Washegari aka wayi gari da kaya jibge a bakin kasuwa, an kawo su cikin dare. Ba a kama kowa ba, ba a doki kowa ba. Mahaifina har yau in ya ba da labarin sai ya girgiza kai.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Ni Musulmi ne, na san rantsuwa da wanin Allah shirka ce, kuma na san akwai bayin Allah da ciwon ƙoda ko na hanta ya kumbura su, aka ce Ayelala ce ta kama su, suka mutu da sunan ɓarayi. Wannan zalunci ne. Amma da zarar an ce an kai magana wurin Ayelala, taro yakan watse, domin a ganinsu hukunci ya fita daga hannun mutane. Mu baƙi mun san darajar watsewar taro. Wanda ya tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 kan zargi kawai, ya san me nake nufi.

Abin ya taɓa faɗowa gidanmu. Wata maƙwabciyar rumfarmu ta nemi kuɗin cinikinta ta rasa, ta ce yaron shagon Baba ne, don shi ta gani kusa da teburinta. Kafin ka ce me, samari sun taru. Ita da bakinta ta ce kada a taɓa shi, za ta kai ƙara wurin Ayelala. Baba ya ce yaronsa ba zai taka wurin tsafi ba, amma zai yi alwala ya rantse da Alƙur'ani a gaban liman, domin a wurinmu mai zargi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma ya rantse. Dattawan kasuwa da wakilin Sarkin Hausawa suka zauna, aka yarda kowa ya bi nasa, a jira kwana bakwai.

Yaron ya rantse a ranar, yana kuka. Ita ma ta je ta yi nata, aka yi shela a layin. A kwana na uku da ta zo buɗe rumfa sai ta tarar da kuɗin a baƙar leda an cusa ta ƙarƙashin ƙofa, ba su cika ba, amma mafi yawa sun dawo. Har yau ba a san wanda ya ɗauka ba, ita ma ba ta bincika ba. Da yamma ta aiko wa yaron da doya biyu, Baba ya sa aka mayar mata da kwanon cike da albasa.