BABI NA BIYU: TARIHIN SHAWARA DA TANTANCE INGANCI A KASUWAR WASANNIN BIDIYO

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai waiwayi tarihin wasannin bidiyo, waɗanda aka fi sani da gem, ta fuskar tambaya guda: wane ne ke gaya wa mai saye cewa wasa kaza yana da kyau? Dalilin wannan tambaya shi ne, gem haja ce da ba a gane ingancinta daga kwali. Sai mutum ya biya kuɗi, ya kai gida, ya kunna, sannan zai san abin da ya saya. Ke nan sayensa ya yi kama da cinikin biri a sama, dole a dogara da shaidar wani. Babin zai nuna cewa duk lokacin da mai ba da shaidar nan ya kasance yana da riba a cinikin, amana kan yi rauni, kasuwa kuma ta girgiza.

2.1 Zamanin Atari da Buɗewar Ƙofa

A shekarar 1972 aka fara sayar da na'urar gem ta gida mai suna Magnavox Odyssey a Amurka, wadda Ralph Baer ya ƙirƙiro. A wannan shekara ce kuma Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari, suka fito da wasan Pong. Babban canji ya zo a 1977 lokacin da Atari ya fito da na'urar da daga baya aka kira Atari 2600, wadda ake cusa wa kaset, kowane kaset da nasa wasan. Da farko Atari kaɗai ke yi wa na'urarsa wasanni, saboda haka sunan kamfanin shi ne shaidar inganci.

A 1979 wasu ƙwararrun ma'aikata huɗu, cikinsu har da David Crane, suka bar Atari domin ba a sa sunayensu a kan wasannin da suka tsara, ba a kuma ba su kaso daga riba. Suka shiga cikin kafa kamfanin Activision. Atari ya kai su ƙara, amma a 1982 aka sasanta a kan Activision ya ci gaba da aikinsa yana biyan wani kaso. Wannan sulhu ya buɗe ƙofa ga kowa. Kamfanoni da dama da ba su san kan sana'ar ba suka kutso, har kamfanin abinci na Quaker Oats ya mallaki sashen yin gem, aka kuma yi wani wasa don tallar abincin karnuka na Purina. Mujallar Electronic Games, wadda ta fara fitowa a 1981, tana sharhi a kan wasanni, sai dai yawancin iyayen da ke sayen kaset hoton kwali kawai suke dubawa.

2.2 Durƙushewar Kasuwa a 1983

Shi kansa Atari ya taimaka wajen zubar da darajar sunansa. A 1982 ya fito da Pac-Man na gida, ya sayar da fiye da kaset miliyan 7, amma masu saye suka tarar bai kai wanda suka saba bugawa a gidajen wasa ba. A ƙarshen wannan shekara aka fito da E.T., wanda aka ba Howard Scott Warshaw kimanin mako biyar ya tsara shi don kada a rasa cinikin Kirsimeti. Jama'a da yawa suka mayar da shi kanti.

Da kaya suka yi kwantai, kantuna suka karya farashi, mai kyau da maras kyau duk aka zube su wuri guda. Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500 a 1983. A watan Satumba na wannan shekara ya binne ɗimbin kaset a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, labarin da wasu suka ɗauka almara ce har sai da aka tono wurin a 2014. An ƙiyasta cewa cinikin gem na gida a Amurka ya faɗo daga kimanin dala biliyan 3.2 a 1983 zuwa kimanin dala miliyan 100 a 1985. Ko da yake gasar kwamfutocin gida masu araha ta taka rawa, babban abin da ya ɓace shi ne hanyar rarrabe tsaki da tsakuwa.

2.3 Hatimin Nintendo

A ƙasar Japan kuwa, kamfanin Nintendo, ƙarƙashin shugabancin Hiroshi Yamauchi, ya fito da na'urar Famicom a watan Yuli na 1983. Da ya so shigar da ita Amurka a 1985, sai ya tarar masu kantuna suna ɗari-ɗari, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka aka sake mata siffa da suna, aka kira ta Nintendo Entertainment System, aka fara gwada ta a birnin New York.

Nintendo ya ɗauki matakai uku. Na farko, ya sa wani makulli na lantarki a cikin na'urar, ta yadda ba za ta karɓi kaset ɗin da ba da izininsa aka yi ba. Na biyu, ya ƙayyade wa kowane kamfani wasa biyar a shekara. Na uku, ya buga hatimi mai ruwan zinari a kan kwalin kowane wasa da ya amince da shi. Waɗannan matakai, tare da wasanni irin su Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto, sun dawo da amanar masu saye. Sai dai hatimin yana tabbatar da cewa kaset zai yi aiki ne kuma an bi ƙa'idar kamfani, bai ce wasan zai yi daɗi ba. Haka nan mujallar Nintendo Power, da ta fara a 1988, mallakar kamfanin ce, wato mai haja ne ke yabon hajarsa.

Ita Famicom ta Japan ba ta da wancan makulli, shi ya sa aka sami sauƙin kwaikwayon ta. Irin waɗannan na'urori na kwaikwayo ne suka cika kasuwannin ƙasashe da dama a shekarun 1990, har da Nijeriya, tare da kaset masu da'awar ɗaruruwan wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa. A nan hatimi bai yi tasiri ba. Shaidar aboki da ta mai gidan gem su ne abin dogaro.

2.4 Mujallu, Maki da Hukuma

Bayan hatimi sai zamanin maki. Mujallar Famitsu ta Japan, da aka kafa a 1986, ta shahara da tsarin masu sharhi huɗu, kowane ya ba da maki har 10, a tara su zama 40. Sai a 1998 wani wasa ya fara samun 40 cif, wato The Legend of Zelda: Ocarina of Time.

Har ila yau, wata sabuwar tambaya ta taso: ko wasan ya dace da yara? Zubar da jini a Mortal Kombat na 1992 ya sa Majalisar Dattawan Amurka ta yi zaman sauraron ba'asi a Disamba 1993, bisa jagorancin Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl. Don gudun dokar gwamnati, kamfanonin suka kafa hukumar ESRB a 1994, mai sa alamar shekaru a kan kwali. Turai ta fara nata tsarin, PEGI, a 2003.

Da shafin Metacritic ya bayyana a 2001 yana tattara makin masu sharhi wuri guda, maki ya zama kuɗi. Misali, kamfanin Obsidian ya rasa ladan da aka yi masa alkawari a kan Fallout: New Vegas na 2010 saboda ya sami 84 maimakon 85. Daɗin daɗawa, kafofin sharhi da tallar kamfanonin gem suke rayuwa, lamarin da ya sa masu karatu suka riƙa zarginsu da sassauci.

2.5 Zamanin Intanet

Dandalin Steam na kamfanin Valve, da aka buɗe a 2003, ya ba masu saye damar rubuta ra'ayinsu a 2013. A 2015 kuma ya fito da tsarin mayar da kuɗi ga wanda bai wuce kwana 14 da saye ba, bai kuma buga wasan awa biyu ba. Wannan ne ya fi kusa da warware matsalar asali, domin gani ya kori ji. Amma ƙofa ta sake buɗewa fiye da ta 1982, don a 2023 kaɗai wasannin da suka fito a Steam sun haura 10,000.

Abin da ya sami Cyberpunk 2077 a Disamba 2020 ya tuna wa mutane E.T. An ba masu sharhi na kwamfuta kawai, suka yabe shi, alhali na PlayStation 4 cike yake da kurakurai. Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet, bai mayar da shi ba sai Yuni 2021.

Su kuwa tsofaffin wasanni, matsalarsu daban ce. Lokaci ya riga ya tace su, don haka shawara a kansu ta fi aminci, amma samunsu wuya. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a lokacin binciken.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ikon ba da shaida ya tashi daga sunan kamfani zuwa hatimi, daga nan zuwa mujallu da hukumomi, har ya iso hannun masu saye. Kowane mataki ya taso ne bayan wanda ya gabace shi ya gaza. Saboda haka, wajen auna kowace shawara a kan gem, tsoho ko sabo, ya kamata a duba abu uku: ko mai shawarar ya buga wasan da kansa, a kan wace na'ura ya buga, da kuma ko yana da riba in aka saya. Da waɗannan ma'aunai za a nazarci ra'ayoyin masu wasa a babi na uku.