Hoton Iyali da Kunyar Ɗan Fari a Unguwar Hausawa ta New Bell

Unguwar New Bell ta birnin Duwala a ƙasar Kamaru ta samo asali ne daga tashin dole da Jamusawa 'yan mulkin mallaka suka ƙaƙaba wa Duwalawa lokacin da suka ƙwace filayensu na bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Da yake masu ƙasar ba su rungumi sabon wurin ba, sai ya zama masaukin baƙi, wato Bamileke da Basa da Hausawa fatake waɗanda suka kafa zangonsu da masallacinsu a can. Sama da shekara ɗari ke nan ana haihuwa ana reno a wannan zango, amma abin da kyamarar baƙo ta fi nunawa game da New Bell shi ne kurkuku da ambaliya da cunkoso.

Ba rashin masu hoto ne ya jawo haka ba, domin tun 1931 George Goethe, mutumin Saliyo, ya buɗe shagonsa na Photo George a Duwala. Sai dai hoton shago hoton ado ne, inda iyali ke tsayawa a gaban labule cikin kayan Salla ko na suna don a gan su yadda suke so a gan su. Taskar hotunan mai hoto Jacques Toussele na garin Mbouda, wadda David Zeitlyn ya adana a kwamfuta da tallafin Laburaren Birtaniya, ta nuna cewa hotunan katin shaida ne suka riƙe wannan sana'a, shi ya sa ta durƙushe bayan an sauya tsarin katin a 1998.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne hoton shaida, wato wanda ake ɗauka ba tare da an jera mutane ko an ce su yi murmushi ba, ana cikin wanka ko goyo ko wanke allo. A nan al'adar gidan Bahaushe take gindaya sharaɗin da baƙo bai san da shi ba. Mai hoton da ya koyi sana'a a Turai yakan nemi ƙauna a rungumar uwa da ɗanta, alhali kunyar ɗan fari ta hana uwa kiran sunansa, balle ta yi masa wasa a gaban surukai. A hoton ranar suna sau da yawa jaririn yana hannun goggo ko ungozoma, mai jego kuwa tana gefe ta ja mayafi ta sunkuyar da kai, kuma wanda bai san dawan garin ba sai ya fassara wannan da rashin ƙauna. Ƙaunar tana nan, sai dai an raba ta tsakanin kakar da ke tsokanar jikanta tana ce masa maigida, da yayar da ta goya ƙanenta da majanyi alhali ita ma ba ta wuce goyo da nisa ba, da matar da aka ba riƙo.

Saboda haka matan gidan, waɗanda ba a tsayar da su a zaure kamar baƙo, su ne suka fi cancantar aikin ɗaukar irin wannan hoto, kuma sun riga sun fara shi da wayoyinsu, suna tura hotuna ta WhatsApp ga dangi a Garwa da Kano. Abin takaicin shi ne hoton yakan ɓace ranar da wayar ta lalace ko aka sace ta. Cibiyar fasaha irin doual'art, wadda Marilyn Douala Manga Bell da Didier Schaub suka kafa a 1991, za ta iya taimakawa wajen adana su, muddin matan da kansu ne za su zaɓi hoton da zai fita waje da wanda zai tsaya a ɗaka.