SAMUDAWAN ƘARFE: TARIHIN VOLTRON DA DALILIN DA YA SA BAI TSUFA BA

Gabatarwa

Wanda duk ya tashi a Nijeriya wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, in dai ya taɓa zama gaban akwatin talbijin da la'asar, da wuya a ce bai san Voltron ba, watau basamuden ƙarfen nan na wasan zane da tashoshin NTA suka riƙa nunawa. Ni ban riski zamanin ba. Daga bakin yayyenmu na Sanyinna da suka yi makaranta a Sakkwato na fara jin sunansa, yau kuma ga ƙannenmu suna karɓar irinsa a waya wurin masu tura fim. Abin da ya haɗa yara na zamani biyu haka ya isa a bi salsalarsa. Ra'ayina shi ne, tatsuniya ce aka sa wa rigar ƙarfe, shi ya sa ba ta tsufa.

Asalinsu

Ƙasar Japan ce mahaifar waɗannan samudawa. A 1956, shekara 11 bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu, wani mai zane, Mitsuteru Yokoyama, ya ƙago labarin Tetsujin 28, aka mai da shi wasan talbijin a 1963. Mutum-mutumi ne ƙato wanda aka ƙera don yaƙi, sai ya faɗa hannun wani yaro mai sarrafa shi daga nesa da ɗan akwati. In akwatin yana hannun nagari, ƙaton ya yi alheri. In ya koma hannun mugu, ya yi ɓarna. Mutanen da suka ga bom ya cinye biranensu, ba abin mamaki ba ne su yi irin wannan tunani.

A 1972 sai Go Nagai ya fito da Mazinger Z, inda saurayi ke shiga cikin kan ƙaton ya tuƙa shi kamar mota. A 1974 aka yi Getter Robo, inda jirage 3 ke haɗuwa su zama jiki ɗaya. A 1975 kuma Grendizer ya biyo, wanda ya tsallaka Faransa a 1978 da sunan Goldorak, aka kuma juya shi da Larabci a Lubnan, ya karaɗe ƙasashen Larabawa.

Voltron

Shi namu na Nijeriya, asalin sunansa GoLion. Kamfanin Toei ya shirya shi a 1981, kashi 52. A 1984 wani kamfanin Amurka, World Events Productions, ya juya shi da Ingilishi, ya raɗa masa Voltron, ya kuma tsame wuraren zubar da jini. Misali, a na Japan ɗaya daga cikin jaruman kashe shi aka yi, amma a na Amurka, inda ake kiransa Sven, sai aka ce rauni ya ji. Labarin dai zakoki 5 ne na ƙarfe: baƙi, ja, kore, shuɗi da rawaya. Matasa 5 ke tuƙa su, suna tsaron Gimbiya Allura da ƙasarta daga azzalumin sarki Zarkon da bokanyarsa Haggar. In dodon abokan gaba ya gagare su, sai zakokin su haɗe su zama ƙato ɗaya mai takobi.

Me Ya Riƙe Yara?

Na farko, duba 'yan wasan: gimbiya, azzalumin sarki, tsohuwa mai sihiri da dodo. Wanne ne baƙo ga wanda ya ji tatsuniya a ɗakin kakarsa? Sai dai a tatsuniyarmu Dodo ne mai girman jiki, yaro kuwa da dabara yake kuɓuta. A nan an juya al'amarin, an ba yaro nasa dodon. Yaron da kullum shi ake aike, shi ake tsawata wa, ina zai ƙi labarin da ya ɗora shi bisa ƙaton da ya fi rimi tsawo?

Na biyu, maimaici. Kusan kowane kashi da hoton haɗewar nan yake zuwa, ba canji. Ga masu shiryawa sauƙin kuɗi ne, don zane ɗaya suke ta sakawa. Ga yaro kuwa tamkar waƙar cikin tatsuniya ce: ya san tana tafe, jiranta yake ya amsa.

Na uku, darasinsa namu ne: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zaki ɗaya bai isa ba, sai an haɗu.

Shaidar ɗorewarsu a fili take. An sake shirya Voltron a Netflix daga 2016 zuwa 2018. A 2022 an kafa gunkin Grendizer mai tsawon fiye da mita 33 a birnin Riyad. A nan gida ma, 'yan Nijeriya a intanet kan kira mai tsaya wa wani da kariya ido rufe da sunan Voltron.

Kammalawa

To, 'yan'uwa ɗaliban Hausa, ina namu? Samudawa dai ba mu rasa su ba. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ga Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. Ga Kanta na Kabi, wanda kufan birninsa Surame ke nan ƙasarmu ta Sakkwato. Tun 1969 ma Umaru Dembo ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Ashe ba labari muka rasa ba, masu yi masa sabuwar riga muka rasa.

Hirar dare tana ja da baya, waya ta karɓe gurbin kaka. Tsawata wa yaro ba za ta raba shi da kallo ba, sai dai a ba shi abin kallo da harshensa. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu da ta haɗa marubutanta da ɗalibai masu zane da masu ilmin kwamfuta, a ɗauki labari ɗaya a gwada, ko da na minti 5 ne. Yaran Sanyinna da Tambuwal da Kebbe suna jira.