Karkiya a Wuyan Kwalba

A shagon wani mai gyaran talabijin a Babura na lura cewa mun ɗora wa kalmar allo kaya fiye da ƙarfinta. Fuskar talabijin allo ce, farantin da aka jera ƙananan kayan lantarki a kansa ma allo ne, ga na makaranta. Mai gyaran bai tsaya gardama ba, na cikin fanel yake ce masa. Abin da ya kai ni can tambaya ce a kan wata irin kwalbar nuna hoto da ba ta cikin tarin tsofaffin akwatunan da ke bayan shagonsa.

Tsohon talabijin mai kwalba da muka sani, tsinken haske ne ke share fuskarsa layi bayan layi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kamar mai huɗa yana bin kunya. Ana kiran wannan tsari rasta, kuma asalin kalmar a Latin manjagara ce. Ɗaya tsarin shi ne bekta, daga kalmar Latin mai nufin ɗan dako. Shi ba ya huɗe gona duka. Hasken yana tashi daga wannan ɗigo ya ja layi zuwa wancan, yadda alƙalami ke tafiya. Da shi aka yi injinan wasa irin su Space Wars a 1977, da Asteroids na kamfanin Atari a 1979, da Tempest a 1981. Littattafan gyara na Atari X-Y suke kiransa, kuma a ganina wannan sunan ya fi gaskiya, domin ya faɗi yadda abin ke aiki. Da ni za a ba zaɓi, allo mai alƙalami zan ce.

A 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da MAME, manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi waɗancan injina. Matsalar ita ce kwamfuta da rasta take magana, tsohuwar kwalbar bekta kuwa ba ta jin wannan yaren. Sai a sa fanel a tsakani, kamar ZVG na kamfanin Zektor, wanda ake jonawa ta tsohuwar kafar firinta. Wasu za su ce mahaɗi. Ni tafinta na fi so, don ba haɗawa kawai yake yi ba: lambobi yake karɓa ya mayar da su ƙarfin wuta a hanyoyi uku. X na jan haske gefe, Y sama da ƙasa, Z kuma shi ke cewa a haska ko a dushe.

Sunan da ya fi ba ni dariya shi ne yok, naɗin wayar da ke wuyan kwalbar. Ma'anarsa karkiya, irin wadda manomin Babura ke ɗora wa shanun huɗa. Aikin ma ɗaya ne, juya abin da ke da ƙarfi zuwa inda ake so. Da na faɗa wa mai gyaran, cewa ya yi, "To Malam, ashe shekara da shekaru ina kiwo ban sani ba."

Wanda ya riƙe sunayen nan ya san inda zai sa mita. In hoto ya koma layi ɗaya a kwance, ɓangaren Y ne ya mutu, ko a tafinta, ko a taransistocin da ke tura wuta zuwa karkiya, ko dalma ce ta tsage a bakin soket. In ba hoto sam, sai a duba wata 'yar jar fitila a fanel ɗin kwalbar. Ta wani sashe ce da sunansa ke nufin makashin ɗigo: idan X ko Y suka ɗauke, yana kashe hasken kada ya tsaya wuri guda ya ƙona fuskar. Fitilar na kunne, to a fara da tafinta da wayoyinsa kafin a zargi kwalba. Ita kwalbar tana riƙe dubban bolt ko bayan an zare filogi, sai an sauke mata wutar kafin hannu ya kusanci ƙeyarta.